Ruwa tukuna, jirgi daga baya

(Daga laccar da wani ma'aikacin jinya ya yi wa 'yan agaji kan ƙunar sinadari a Agege, Legas)

Assalamu alaikum. Malamai, iyayena, 'yan'uwana 'yan agaji, sannunku da zuwa.

Da yawanku tsallaka ruwa kuke yi neman abinci: wani gadi a Ilashe, wani leburanci a Ibeshe, wani talla har Tarkwa Bay. Wuraren nan mota ba ta zuwa. In tsautsayi ya faɗa, sai an nemo jirgi, an yi ciniki, an tsallako, sannan a faɗa cunkoson titi kafin a kai asibitin Gbagada, inda sashen ƙuna yake. To duk tsawon lokacin nan, wa ke tare da mai ciwo? Ku ne.

Wuta in an kashe ta, ta mutu. Shi kuwa sinadari, muddin yana kan fata, cin nama yake yi. Uku za ku fi haɗuwa da su: ruwan batir, sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, da ɗanyen siminti. Mutane sun fi tsoron ruwan batir, amma soda da siminti sun fi shi mugunta. Shi ruwan batir yakan ƙona fata ta yi ɓawo, ɓawon ya rage masa hanya. Ita soda narkar da kitse take yi, tana ta nutsawa.

An taɓa kawo mana wani yaro lebura da kwaɓin siminti ya shiga takalminsa na roba, ya wuni da shi. Bai ji wani zafi ba sai dare. Ko da muka gan shi, idon sawunsa ya yi baƙin zobe, an kuma lafta masa manja da man goge baki. Sai da muka sha fama da wanke manjan kafin mu ga ciwon.

Saboda haka ku sa safar hannu, in babu ku ɗaura leda. Ku yanke rigar da almakashi, kada a zare ta ta kai a shafa wa ido. A cire zobe da agogo. In gari ne busasshe, a kakkaɓe shi tukuna. Sannan ruwa, ana kwarara shi, aƙalla minti 20 da agogo, ba da ƙiyasi ba. In soda ce, a wuce haka. Kada wani ya ce zai karya dafin da lemon tsami ko toka. Haɗuwarsu zafi take fitarwa, ƙuna kan ƙuna.

Na'am, Malam? Yana tambaya in babu famfo. Ɗebi wanda ke gabanka, ko na rijiya ko na teku, ka ƙarasa da fiya wata. Dattin ruwa muna da maganinsa a asibiti, naman da ya narke ba mu iya mayarwa.

In ido ne, a karkata kan, a zuba daga gefen hanci zuwa waje, don kada ya gangara wa ɗayan. Ana wankewa wani na kiran 112 ko 767. Tafin hannun mai ciwon da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na jikinsa, da shi za ku auna girman ƙunar ku faɗa musu. A rufe wurin da leda mai tsabta, a lulluɓe mai ciwon saboda iskar jirgi, musamman yaro, a kuma taho da jarkar abin ko hotonta.

Yanzu a miƙo bokitin can da buta. Mutum biyu su fito, ɗaya ya riƙe mana agogo.