Cinikin hayaƙin da ba a tayar ba

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka ɗauka a wani zama na ɗalibai da shugabannin ƙungiyoyin manoma a cikin garin Katsina. An cire gaishe-gaishe da maimaici.

Jama'a, zan fara da kasuwar Mai'aduwa, tunda kowa a nan ya san ta. In ka je sayen sa, kana ganin sanka, ka duba haƙoransa, ka daddaɓe shi, sannan dillali ya shiga tsakani. To kasuwar da zan ba ku labari yau ba ta da san da ake gani. Hajarta ita ce hayaƙin da aka ce da za a tayar amma ba a tayar ba. Kamfani a Turai yana fitar da iskar kabon mai ɗumama duniya, rage ta a can tsada gare shi, sai ya biya wani a wata ƙasa ya rage a madadinsa. Kowane tan ɗaya da aka rage a ba shi takardar shaida ɗaya. Takardar nan ita ake saye da sayarwa.

Tsarin ya samo asali daga yarjejeniyar Kiyoto ta 1997, ta ƙasashen duniya kan rage hayaƙi, wadda ta fara aiki a 2005. A 2008 takarda ɗaya ta haura Yuro 20. Kafin ƙarshen 2012 ba ta kai Yuro 1 ba. Tattalin arzikin duniya ya karye, masana'antun Turai suka rage aiki, buƙatar takardar ta ragu, ga Amurka ba ta taɓa amincewa da Kiyoto ba, Kanada kuma ta fice. Wanda ya ci bashi ya kafa aiki da lissafin Yuro 20, ku kwatanta halin da ya shiga. Yawancin ayyukan ma Sin da Indiya suka kwashe, Afirka gaba ɗaya ɗan abin da ta samu bai taka kara ya karya ba.

Amma faɗuwar farashi ba ita ce babbar cutar ba. Cutar tana cikin kalmar “da ba don”. Kafin a ba ka takarda, sai ka nuna cewa da ba don kuɗin nan ba, da an sare dajin, da an ƙona itacen. Wa ya ga abin da bai faru ba? Malamanmu na fiƙihu sun hana sayar da kifi a cikin ruwa da tsuntsu a sama, Bahaushe kuma ya ce ba a cinikin biri a sama. Nan ga biri ana ta ciniki, kuma mai birin ne ke faɗin girmansa. In ina da daji, na ce da za a cinye rabinsa a shekara goma, takarduna sun yi yawa. In na faɗi gaskiya na ce kaɗan za a taɓa, na yi asara. Wanda zai zo ya tantance maganata kuwa, ni zan biya shi. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ba zargi nake daga kaina ba. A Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka wallafa bincike cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun kare dazuzzuka da wata ƙungiya mai suna Verra ta amince da su ba su wakiltar wani ragi na gaskiya. Verra, wadda ita ce babbar mai ba da irin wannan shaida a duniya, ta musanta, amma kasuwar ta girgiza, shugabanta ma ya sauka a shekarar. Tun kafin nan akwai abin da ya fi ban dariya. Wasu masana'antun iskar sanyaya firji a Sin da Indiya suna fitar da wata iska mai tsananin ɗumama duniya, mai suna HFC-23, ana biyansu in sun ƙone ta. Kuɗin ƙonewar ya yi daɗi har aka zarge su da ƙara samar da ita don su ƙone. Tarayyar Turai ta daina karɓar irin waɗannan takardu a 2013.

Bari in dawo gida, ga murhu. Iyayenmu mata da ke nan, kun san murhun zamani mai cin itace kaɗan da ake rabawa ko a sayar da rahusa. Sau da yawa kuɗin takardun nan ne ke biyan rahusar, kuma ni ban raina wannan ba, domin rage hayaƙi a madafa lafiyar ido da ƙirji ce. Sai dai a lissafin takarda, matar ta jefar da murhun duwatsu uku. A gidan gaske kuwa, ranar suna ko biki, tukunyar tuwon mutum hamsin ba ta zama a kan ƙaramin murhu. Ana hura biyun. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Bakili sun wallafa a 2024 cewa takardun murhun da suka duba an ninka su kusan sau tara bisa ragin da aka yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Ku tsallaka Jibiya ku shiga ƙasar Maraɗi. Tun shekarun 1980 manoma can suka rungumi sassaben zamani: ba dashe ba, kututturen da ya toho a gona ake ragewa rassa a bar shi ya girma. Gawo da kalgo da sabara suka dawo a miliyoyin kadada, babu wanda ya ba su takarda. Ƙa'idar “da ba don” cewa take, tunda sun riga sun yi da kansu, wannan aikin ba abin biya ba ne. Wanda ya saba da gatari shi ya fi sauƙin shiga kasuwar.

Sai maganar ɗorewa. Hayaƙin da aka tayar a Jamus yana daɗewa ɗaruruwan shekaru a sama. Bedin da aka dasa a Kaita ko Zango don ya maye gurbinsa, akuya ɗaya ta isa ta gama da shi a rani guda. Wa zai iya shiga dajin Rugu yau ya ƙirga itatuwa?

Yarjejeniyar Faris ta 2015 ta zo da sabon tsari a sashe na 6, aka ɗauki shekaru ana ja-in-ja, sai a taron Baku na 2024 aka kammala ƙa'idojinsa. Abu ɗaya da ya shafe mu: tan ɗaya ba a ƙirga shi sau biyu. In Nijeriya ta ba da izini aka sayar wa wata ƙasa, sai ta cire shi daga nata lissafin. Mu kuwa mun yi alkawari a Gilasgo a 2021, ta bakin Muhammadu Buhari, cewa za mu daidaita hayaƙin da muke tayarwa da wanda muke kawarwa nan da 2060, a shekarar kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. In muka sayar da ragi mai araha yau, da mai tsadar za a bar mu.

Da aka buɗe fagen tambaya, wani dattijo manomi ya ce: “Malam, in sun zo da takarda mu sa hannu ko mu ƙi?”

Baba, ban ce ku ƙi ba. A karanta muku ita da Hausa a gaban mai gari. Ku tambayi shekara nawa za ta ɗaure gonar, domin irin waɗannan kan kai shekara 30, ta shafi magada. Ku tambaya ko za ku iya sassabe da yankan ganye wa dabbobi. Ku tambayi nawa aka sayar da takarda ɗaya a can, nawa ne la'adar masu tsakani, nawa zai iso hannunku. Sannan ku sani, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma galibin gonakinmu na gado ba su da takardar mallaka. Don haka ku nemi a rubuta sunan wanda kuɗin itacen zai shiga hannunsa, baƙi a kan fari, kafin kowa ya dangwala yatsa.