Amsoshin Tambayoyinku: "children is" ko "children are"?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito daga wata ɗaliba a Funtuwa mai shirin zana jarrabawar WAEC. Ta ce malaminsu ya ja mata jan biro ƙarƙashin "the children is playing", alhali ita ba ta ga harafin s a ƙarshen children ba. To ina laifinta?

Ƙanwata, malaminki ya yi daidai, amma na ji daɗin tambayar, don mutane da yawa nan suke tuntuɓe. Tun firamare aka koya mana boy, boys, sai ido ya saba neman s. Wasu sunaye kuwa ba sa bin wannan hanya. Man ya koma men, woman ta koma women, foot feet, tooth teeth, mouse mice. Ita children ma jam'i biyu gare ta: a tsohon Turanci cildru ake cewa, daga baya aka ƙara mata en irin ta oxen.

Ki dubi Hausarmu. Mutum, mutane. Mace, mata. Sa, shanu. Akuya, awaki. Kowanne da kamanninsa, amma ba ki taɓa cewa "awaki ta shiga gona" ba. Bakinki da kansa zai ce "sun shiga". To haka za ki yi a ɗakin jarrabawa: ki maido jimlar Hausa a zuciyarki. In "sun" ko "suna" ta fito, sai ki sa are, were ko have. Yara suna wasa, "the children are playing". Ki kuma lura, s a jikin aikatau alamar tilo ce: "the child plays", amma "the children play".

Wani direba daga Maraɗi ya yi tambaya a kan kalmar police. Malam, ita ma jam'i ce, kamar 'yan sanda: "the police are coming". Haka cattle da people. Sheep kuwa ba ta canza riga, aikatau ne ke nuna tunkiya ce ko tumaki: "the sheep is", "the sheep are".

Sai dai a yi hattara da news. Mu "labarai" muke cewa, ga kuma s a wutsiyarta, amma Bature tilo ya ɗauke ta. "The news is good" ake faɗa.