Foldar Windows.old da Akwatin da Ake Saurin Dannawa a Manhajar Share-share

Masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, jama'a da dama suka ɗaga kwamfutocinsu zuwa Windows 11, kuma da yawansu tambaya ɗaya suke yi bayan an kammala: ina sararin faifaina ya shiga? Mutum zai duba faifan C ya tarar sandarsa ta koma ja, sai ya garzaya wurin manhajar share-share, ya sa alama a duk akwatin da idonsa ya gani, ya danna, sarari ya dawo, hankalinsa ya kwanta. Bayan kwana biyu ko uku firinta ta ƙi aiki, ya tafi neman hanyar komawa tsohon tsarin, ya tarar da kansa ya toshe ta. Akwati ɗaya ne daga cikin waɗancan akwatunan ya jawo haka, kuma a kansa za mu daɗe yau.

Kafin nan, ga yadda manhajar ta sauya a gurguje. Wannan ƙaramar tagar da kuke gani ita ce Disk Cleanup, wadda take tare da mu tun zamanin Windows 98, kuma kamanninta sun nuna shekarunta. A shekarar 2017 aka shigo da Storage Sense cikin saitunan Windows 10, wadda bambancinta da tsohuwar shi ne ba ta jiran a kira ta, tana iya yin shara da kanta idan aka kunna ta. A 2018 Microsoft ya sanar cewa ya daina bunƙasa Disk Cleanup, amma har yau tana nan daram a cikin Windows 11, da alama ba a kai mata takardar sallamar ba. A 2018 ɗin ce kuma aka saka foldar abubuwan da ake saukewa daga intanet cikin jerin abin da tsohuwar manhajar ke iya gogewa, mutane suka yi ta ƙorafi, har aka cire ta daga jerin a fitowar Windows 10 mai lamba 2004, wadda ta zo a shekarar 2020. Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, ya ƙara shafin shawarwarin share-share, inda ake tara manyan fayiloli da manhajojin da aka daɗe ba a taɓa ba.

Saitunan Storage Sense ba su da wuyar fahimta. Ana iya sa ta yi aiki kullum, ko duk mako, ko duk wata, ko kuma sai faifai ya kusa cika. Kwandon shara tana kwashe abin da ya kwana 30 a ciki, sai dai idan kun canza adadin. Foldar abubuwan da aka sauke ba ta taɓa ta, muddin ba ku ba ta izini ba, kuma ni dai shawarata ku bar wannan yadda kuka same shi, domin mutane da yawa a can suke ajiye takardun da ba su da kwafinsu a ko'ina. Faifan da Windows yake kai kaɗai take sharewa, ba ta shiga sauran.

Yanzu mu buɗe shafin fayilolin wucin gadi, mu jira ya gama lissafi. Ku dubi layin da kibiya take nunawa, wanda yake magana a kan Windows ɗin da aka girka a baya, sannan ku dubi adadin da ke gefensa. Sau da yawa shi ne mafi girma a duk jerin, yakan haura gigabait 10, wani lokaci ya zarce 20, ya danganta da yawan abin da ke cikin tsohon tsarin. A faifai mai gigabait 128 wannan ba ƙaramin wuri ba ne, don haka ban ga laifin wanda hannunsa ya yi ƙaiƙayi ba. Laifin da nake gani na tsarin shafin ne, wanda ya jera wannan layin tare da tarkacen gaske, irin su ƙananan hotunan samfoti da ragowar fayilolin intanet, har mai kallo ya ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Abin da wannan layin yake wakilta shi ne wannan foldar da ke tushen faifan C, mai suna Windows.old. Lokacin da ake babbar sabuntawa, kamar tashi daga Windows 10 zuwa 11, ko shiga fitowar Windows 11 mai lamba 24H2 da ta zo a Oktoban 2024, ba a goge tsohon tsarin nan take. Ana tattara shi ne gaba ɗaya, da fayilolinsa da direbobin na'urorinsa (ƙananan manhajojin da ke sa firinta da makamantanta aiki) da saitunansa, a ajiye shi a gefe cikin wannan foldar, sannan a girka sabon a gurbinsa. Idan sabon ya zo da matsala, maɓallin komawa baya da ke shafin farfaɗo da kwamfuta zai ɗauko tsohon ya mayar da shi mazauninsa. Ke nan foldar tsani ce da aka jingina muku bayan kun hau rufi, kuma wanda ya goge ta a ranar farko ya ture tsanin ne tun bai duba ko rufin zai ɗauke shi ba.

Ga abin da yawancin mutane ba su sani ba: ba a bukatar ku goge ta da kanku. Windows yana riƙe ta kwana 10 ne kacal, daga nan ya share ta ba tare da ya tambayi kowa ba. A farkon fitowar Windows 10 a 2015 wa'adin wata guda ne, aka rage shi zuwa kwana 10 a sabuntawar 2016. Saboda haka wanda ya danna akwatin nan bai samu wani sarari da ba zai samu ba, ya dai same shi da wuri da 'yan kwanaki, ya kuma biya da damar komawa baya. Idan aka auna riba da asara a nan, ban ga yadda cinikin ya yi kyau ba, sai fa idan faifan ya cika maƙil har kwamfutar ta kasa ajiye fayil ko karɓar sabuntawar tsaro.

Ku lura da bambancin yadda manhajojin biyu suke nuna shi. A tsohuwar Disk Cleanup layin ba ya fitowa sam sai kun danna maɓallin share fayilolin tsari, wanda ke neman izinin mai gudanar da kwamfuta, kuma idan kun zaɓe shi sai wata taga ta fito ta yi muku gargaɗi ƙarara cewa ba za ku iya komawa tsohon Windows ba. Ga gargaɗin nan a allo, za mu bar shi ya ɗan tsaya, tun da a rayuwa ta ainihi ba a cika ba shi daƙiƙa biyu ba. A sabon shafin saituna kuwa layin yana fili tun farko, sai ɗan bayani da ƙananan haruffa a ƙarƙashinsa. Sauƙin da aka kawo alheri ne, amma ya rage matakan da a da suke sa mutum ya dakata.

Akwai yanayi na biyu da ya fi wannan haɗari, kuma ina roƙon ku saurara da kyau. Idan ba ɗaga Windows aka yi ba, wato an sa filashi ne aka girka sabo a kan faifan ba tare da an wanke shi ba, to a nan ma za a samar da Windows.old, amma abin da ke cikinta ya bambanta. A sabuntawa ta yau da kullum, takardunku da hotunanku suna bin ku zuwa sabon tsarin. A irin wannan girkin kuwa ba sa bin ku, suna zaune ne a cikin Windows.old, kuma mai yiwuwa can ne kaɗai suke. Ku buɗe foldar, ku shiga Users, ku nemi sunan da kuke amfani da shi a tsohon tsarin, za ku ga foldar takardu da ta hotuna da ta fuskar kwamfuta. Akwai kuma wata ɓoyayya mai suna AppData, wadda ba za ta bayyana ba sai kun umarci kwamfutar ta nuna ɓoyayyun fayiloli, kuma a cikinta manhajoji da yawa suke adana bayanansu, har da shafukan da kuka yi wa alama a manhajar shiga intanet. Duk wanda ya karɓo kwamfuta daga wurin gyara ya ga fuskarta fayau, to nan ne wuri na farko da zai duba, kuma ya kwashe abin da yake so a ranar, domin abin da manhajar share-share ta goge daga nan ba ya biyawa ta kwandon shara.

Wasu kuma ba ta manhaja suke bi ba, suna danna foldar ne su latsa maɓallin gogewa. Ga abin da yake faruwa: taga bayan taga tana cewa ba ku da izini, domin yawancin fayilolin da ke ciki mallakar tsarin ne. Abin da ake ƙarewa da shi shi ne folda rabi a goge rabi a tsaye, ba ta ba da cikakken sarari ba, ba ta kuma iya mayar da ku baya. Haka nan ɓoyayyar foldar nan mai alamar dala a farkon sunanta, $Windows.~BT, ita ma tana cikin abin da komawa baya yake bukata, ku ƙyale ta.

To me za a yi da kwanakin 10? A yi amfani da su wajen gwaji na gaskiya, ba kallon sabon hoton bango ba. Ku buga takarda a firinta, ku gwada sikana idan kuna da ita, ku yi kira na bidiyo don jin lasifika da makirufo da ganin kyamara, ku haɗa allo na biyu, ku sa kwamfutar ta yi barci ku tashe ta ku ga ko intanet ya dawo. Sama da duka, ku buɗe tsohuwar manhajar nan da aikinku ya dogara a kanta, ta lissafin kuɗi ce ko ta zane, wadda ba a sabunta ta ba shekara da shekaru, domin irinta ce ta fi yawan tuburewa a sabon tsari. Idan aikinku na ƙarshen wata ne, kamar shirya albashi, kwana 10 ba za su isa ba, kuma akwai hanyar tsawaita su. Ku buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa Windows umarni, da izinin mai gudanarwa, ku rubuta umarnin da ke kan allo yanzu, mai farawa da DISM, harafi da harafi, ku sa adadin kwanakin da kuke so a ƙarshensa. Yana karɓar daga 2 zuwa 60, kuma dole a ba da umarnin tun wa'adin farko bai cika ba, domin ba ya dawo da abin da aka riga aka goge.

Kada a rikita wannan layin da maƙwabcinsa, wanda ke share ragowar sabuntawar Windows. Sabuntawar wata-wata, wadda Microsoft ke fitarwa a Talata ta biyu ta kowane wata, ba ta samar da Windows.old, tsofaffin sassan da ta maye gurbinsu ne suke taruwa a wani wuri dabam. Haka ma ƙananan sauye-sauyen fitowa irin tashi daga 22H2 zuwa 23H2 a Windows 11, waɗanda ɗan ƙunshi ne kawai yake kunna abin da ya riga ya shiga kwamfutar. Wannan maƙwabcin ne ya ba mutane ciwon kai a farkon 24H2, lokacin da ya yi ta nuna gigabait 8.63 da suka ƙi goguwa komai yawan dannawa, daga baya Microsoft ya bayyana cewa kuskuren lissafi ne na manhajar, ya kuma gyara shi. Mutane sun sha gumi suna farautar sararin da dama can babu shi.

Idan gwaji ya nuna matsala kuka yanke shawarar komawa, ga maɓallin a shafin farfaɗowa. Ku tanadi kalmar sirrin da kuke shiga tsohon tsarin da ita, ku kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai tukuna, ku kuma sani cewa manhajojin da kuka girka bayan sabuntawar sai kun sake girka su. Wanda zai koma Windows 10 kuma ya tuna cewa ba ya samun gyaran tsaro yanzu, sai idan ya shiga shirin tsawaita tallafi, wanda Microsoft ya sanar zai kai masu amfani na gida har 13 ga Oktoban 2026.

Idan kuwa komai yana tafiya daidai kuma faifai ya matse ku, sai ku dawo shafin fayilolin wucin gadi, ku tabbatar akwatin foldar abubuwan da aka sauke babu alama a cikinsa, domin wannan akwatin yana kwashe komai ne ba tare da la'akari da saitunan Storage Sense ba. Daga nan ku sa alama a layin tsohon Windows, ku danna, ku ba shi 'yan mintuna ko da ya yi kamar ya tsaya. Ku sake leƙa shafin farfaɗowa bayan ya gama, za ku ga maɓallin komawa baya ya dusashe, ba ya dannuwa. Daga wannan lokacin, wanda yake son tsohon tsarin sai ya kwashe fayilolinsa zuwa wani wuri, ya haɗa filashin girki, ya girka Windows daga farko tare da duk manhajojinsa ɗaya bayan ɗaya.