Matar da ba ta dawo ba

Assalamu alaikum. Shugabanni, 'yan'uwa ma'aikata, barkanmu da warhaka.

Akwai wata mata da kowannenku ya taɓa gani a bakin aiki a asibiti. Ta zo goye da yaro, aka tambaye ta garinsu, ta yi shiru. Mai gadi ya daka mata tsawa, wani ya buga ƙofa, ta zabura ta fice. Aka rubuta a rajista cewa ba ta dawo ba, mu kuma muka ce taurin kai ne.

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a nan Maiduguri a 2009, mutum fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A Satumbar 2024 kuma dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya ci gari cikin dare. Wanda ya ga irin wannan, firgicin yakan zauna masa a jiki shekara da shekaru. Tsawa, ko kaki, ko ɗaki a kulle, sai su mayar da shi wancan daren.

Likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun fitar da bincike a 1998 kan mutum sama da 9,000. Sun gano cewa wanda ya fi shan baƙar wahala a yarinta ya fi fuskantar ciwon zuciya da shaye-shaye idan ya girma.

To, ina ribar ƙungiyarmu idan muka kula da masu irin wannan firgici? Ku ɗauki tarin fuka. Wata 6 ake shan maganinsa. Idan matar nan ta daina zuwa a wata na 2 don tsoron ƙofarmu, kuɗin magani ya tafi a banza, cutar kuma tana iya dawowa ta ƙi jin magani. Gyaran ba ya cin ko kwabo. Ka gaya mata abin da za ka yi kafin ka taɓa ta. Ta zauna inda take ganin ƙofa. Labarinta kuwa, a ji shi sau ɗaya. Wallahi yana sosa mini rai in ga an sa mace ta maimaita yadda aka kashe mijinta a tebur uku.

Shugabanni, ku dubi ma'aikatanku ma. Nas ɗin da kuke cewa ta cika faɗa, 'yar garin nan ce, wataƙila ita ma ta binne nata. Kafin ku ba ta takardar gargaɗi, ku kira ta gefe ku tambaye ta ko tana samun barci.