Kyan Zane da Daɗin Wasa: Inda Mai Haɗa Wasan Waya Ya Kamata Ya Sa Ƙarfinsa

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk matashin da ya zauna a Katsina yana koyon haɗa wasan waya, ko da manhajar haɗa wasa ta Unity yake aiki ko da ta Godot, zai kai matakin da zuciyarsa za ta raya masa ya ƙara inuwa da haske da ƙyallin ruwa, domin wasansa ya yi kama da na manyan kamfanoni. Burin ba laifi ba ne, amma kowane ado yana da farashi, kuma wayar mai wasa ce take biya.

Motsin da muke gani a fuskar waya hotuna ne da ake sauyawa da sauri. Idan ana son hotuna 30 a sakan ɗaya, waya tana da kimanin milisakan 33 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan) ta kammala kowane hoto, idan kuwa 60 ake so, lokacin bai kai milisakan 17 ba. A cikin wannan ɗan taƙin za ta gane inda yatsa ya taɓa, ta lissafa motsin kowane abu, sannan ta zana komai. Da zarar ado ya cinye lokacin, hoto zai makara, mai wasa ya goga yatsa don ya yi tsalle amma tsallen ya zo bayan ya riga ya faɗa rami. Ba zai ce inuwa ce ta yi nauyi ba, cewa zai yi wasan ba shi da daɗi, ya goge shi.

Sai mu dubi wanda ake yi wa wasan. Ga yaro a shagon caji kusa da Ƙofar Soro, a zafin watan Afrilu, riƙe da Itel ko Tecno wadda hotuna da saƙonnin WhatsApp suka kusa cika ta. Wasa mai nauyi yana sa waya ta ɗauki zafi, idan zafin ya yi yawa kuma sai ta rage saurin aikinta da kanta don kada ta lalace, shi ya sa wasan da ya fara lafiya lau yake komawa yana maƙalewa. Ga cin batir, ga datar da za a ƙona kafin a sauke shi.

Kamfanin Garena ya fahimci wannan lokacin da ya fitar da wasan Free Fire a 2017. Ya taƙaita 'yan wasa zuwa 50 a fage ɗaya, ya gajarta zagaye zuwa kimanin minti goma, ya sauƙaƙa zane don ƙananan wayoyi su ɗauka. Sai a 2021 ya kawo Free Fire Max mai ingantaccen hoto ga masu manyan wayoyi. A ganina wannan jerin shi ne daidai.

Kada a ɗauka cewa zane ba shi da amfani. Akwai zanen da yake yi wa wasa hidima, kamar a Subway Surfers na 2012, inda launuka masu haske suke sa ido ya bambance jirgin ƙasa da shinge da tsabar kuɗi nan take. Irin wannan ba a tsumulmularsa.

Saboda haka a fara gina wasan da akwatuna marasa launi a madadin mutane da sauran abubuwan cikinsa, a miƙa wa abokai su buga. Dattawan da suke dara a Daura ramuka ne kawai a ƙasa da 'yan itace da tsakuwa a gabansu, amma sukan kai magariba ba su tashi ba, saboda dokokin wasan sun ƙullu. Idan akwatunan nan suka riƙe mutane haka, sai a shiga ado da dabara: a zana inuwar abubuwan da ba sa motsi tun a kwamfuta maimakon waya ta riƙa lissafa ta, a rage dalla-dallar abin da yake nesa, a kuma ba mai wasa damar rage ingancin hoto da kansa. Bayan kowane ƙari, a gwada a kan waya mafi rauni da ake da ita, da rana tsaka, har sai ta yi zafi a hannu, a ga ko tsallen yana zuwa a kan lokaci.