Me ya sa tsakiyar Abuja ke yin tsit bayan Magariba?

Ku ɗauka kuna kallon hoton tsakiyar Abuja da ƙarfe biyu na rana. Ga Sakatariyar Gwamnatin Tarayya, ga benayen NNPC, can kuma Babban Banki. Wurin ajiye mota ma sai an kai ruwa rana. To, ga wurin da ƙarfe tara na dare, kyamara ba ta gusa ba. Fitilu na ci, kwalta sumul, amma in ban da mai gadi da 'yar rediyonsa, ba kowa.

Duk sanda irin wannan hoto ya yawata a Facebook, shawarar da ake bayarwa ba ta wuce biyu: a ƙara fitilu, a ƙara 'yan sanda. Nan ake kuskure. Fitila tana sa wanda ya riga ya fito ya ji daɗin tsayawa, amma ba ta iya ɗauko mutum daga Mararaba. Abin tambaya shi ne, su wa ke kwana a unguwar?

A 1976 aka yanke shawarar gina Abuja, gwamnati ta tare a Disamban 1991. Kenzo Tange, ɗan ƙasar Japan, shi ya zana tsakiyar birnin, aka ware ta galibi don ofisoshi da ma'aikatu. Masu aikin kuwa suna Nyanya, Karu, Kubwa, Lugbe, wasu har Suleja ta jihar Neja. Ƙarfe huɗu na yi, kowa ya kama hanya kafin cunkoso ya rutsa da shi. Ku dubi layin motoci a mahaɗar AYA, kan hanyar Nyanya, ba sai na yi bayani ba.

Bari mu ɗan zauna a teburin mai shayi, don lissafin duka a nan yake. In ya kafa a gindin ofis, cinikinsa na safe ne, zuwa goma ya mutu. Mai abinci kuma daga sha biyu zuwa uku, kwana biyar a mako. Kuɗin haya bai san Asabar da Lahadi ba. Don haka ko su tsauwala farashi, ko su kwashe kwanukansu da La'asar, kuma yawanci kwashewar suke yi.

Yanzu ku ɗora gidaje a saman wannan shagon. Masallatan Asuba su sha shayi, yara su sayi burodi kafin makaranta, ma'aikata su zo su wuce. Da yamma sai masu gidajen su dawo, daidai lokacin da 'yan ofis ke fita. Titin ya yi canjin masu tsaro ke nan, kamar a bariki. Mai tsire zai hura wuta don ya san bayan Isha'i akwai majalisa. Mai kemis ya ga haske da mutane, sai ya ƙara awa biyu. Mai POS ya ga ana ciniki, shi ma ya zauna. Baƙon da ke wucewa a mota ya hango hayaƙi da taro, ya taka birki. Tsaro ma daga nan yake fitowa: ɓarawo ya fi tsoron tsohuwar da ke leƙe ta taga, wadda ta san kowa a layin, fiye da motar sintiri da ke wucewa sau biyu a dare. Sharaɗi ɗaya ne, gidajen su kasance inda ƙafa za ta kai, kamar tafiyar minti biyar, wajen mita 400. In sai an tada mota, shayin gida ya fi sauƙi.

Kada Kanawa su yi dariya. Kantin Kwari ma da Magariba kwaɗo ne a kowace ƙofa, alhali cikin Fagge, nan kusa, ana hira har dare ya raba. Haka tsohon garin Landan, inda bankuna suke: sama da mutum rabin miliyan ke aiki a ciki, amma a ƙidayar 2021 mazaunansa ba su kai 9,000 ba.

Wasu biranen sun gane. Melbourne ta Ostireliya ta fara shirin dawo da mazauna tsakiyar gari a 1992. New York kuma a 1995 ta yi rangwamen haraji ga masu mayar da tsofaffin ofisoshin kewayen Wall Street gidajen zama, yau sama da mutum 60,000 ke zaune a yankin. Aikin dai ba sauƙi. Benen ofis faɗi gare shi, tsakiyarsa ba taga, kuma ba mai kama ɗakin kwanan da rana ba ta shiga. Bututun ruwa da banɗakuna suna tare wuri guda kusa da lifta, sai an fasa daɓe a ja wa kowane gida nasa. Shi ya sa tsofaffin benaye sirara suka fi karɓar gyara.

Sauran a gurguje. Ƙasan bene ya zama shaguna masu ƙofa a bakin titi. Doguwar katanga mai waya a kai tana kashe layi ko da mutum dubu na bayanta. Janareta da kiɗa a sa musu ƙa'ida, in ba haka ba mazaunan da aka lallaso za su gudu. Sai abin hawa: Landan ta fara jirgin ƙarƙashin ƙasa na kwana a 2016, daren Juma'a da Asabar. Kano kuwa a 2022 ta hana adaidaita sahu bayan ƙarfe goma na dare saboda tsaro, kuma yaron shagon da ba shi da hanyar komawa gida dole ya rufe da wuri.

Ga titin Aminu Kano a Wuse 2, shi ma ƙarfe taran dare, amma cike yake da jama'a. Unguwar gidaje aka tsara, kasuwanci ya kutso daga baya, har hukuma na ƙorafin an saɓa tsari. Ni dai abin da nake dubawa tagogin sama ne. Gida bayan gida ana mayar da su shaguna da ofisoshi, kuma in aka cinye su duka, Wuse 2 ma za ta fara barci da wuri.