Benayen gilashi na Abuja da gadon baje kolin duniya

Masu sauraro, assalamu alaikum. Duk wanda ya ratsa tsakiyar birnin Abuja da azahar a watan Maris zai ga benaye lulluɓe da gilashi tun daga ƙasa har sama, zai kuma ji ƙugin janareta daga bayansu, domin da zarar na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, zama a ciki ya gagara.

Wannan salon gini a wuraren baje kolin duniya ya yi suna. A shekarar 1851 Joseph Paxton ya kafa wa baje kolin Landan katafaren zaure na ƙarfe da gilashi. A 1929 kuma mai zanen gini Mies van der Rohe ya gina rumfar ƙasar Jamus a baje kolin Basalona, mai shimfiɗaɗɗen rufi a kan siraran ginshiƙan ƙarfe guda takwas, da bangon gilashi da marmara, babu zane babu ado. Rumfa ce mai ƙayatarwa ƙwarai, amma ba a gina ta don wani ya yini yana aiki a ciki ba, shi ya sa aka rushe ta a 1930, sai a 1986 aka sake gina ta don tarihi. Abin da aka yi domin kallo na 'yan watanni a Turai, shi muka ɗauko muka mai da ofis a ƙasar da rana ke ƙuna.

Abuja ma tana da alaƙa da wannan tarihi, domin Kenzo Tange na Japan, wanda ya tsara filin baje kolin Osaka na 1970, shi ya zayyana tsakiyar birnin Abuja.

A ganinmu, laifin ba na zamani ba ne, na kwaikwayo ne ido rufe. Maxwell Fry da Jane Drew, masu zanen gini daga Birtaniya, 'yan mazhabar ginin zamani ne, amma da suka zana Jami'ar Ibadan sun yi mata baranda da bango mai huda-huda don iska ta riƙa ratsawa. A baje kolin gine-gine na birnin Venice na 2023, wanda mai zanen gini Lesley Lokko ta jagoranta, an ba ɗan Najeriya Demas Nwoko babbar lambar yabo, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana gini da jar ƙasa, yana barin iska da haske su yi aikinsu. Tun kafin su, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure rufin Masallacin Juma'a na Zariya da azara da bakan gizo, kuma kwafinsa na nan a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda ya kamata kowane ɗalibin zanen gini ya je ya taɓa kaurin bangon tubali da hannunsa.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da ke amincewa da taswirar gini a Abuja da su riƙa tambayar mai zane ina inuwa, ta ina iska za ta shiga, kuma awa nawa ma'aikaci zai iya zama a ciki idan an ɗauke wuta, kafin su sa hannu.